Kanwa, Mudu da Sikeli: Ƙofar Shiga Ilmin Sinadarai

 Ya ku malamai da almajirai da fatake masu karanta wannan shafi, yau maganarmu a kan kanwa ce.

Kada wani ya rena ta. Duk kasuwar da ka shiga a wajejen nan namu, ko ta Kazaure, ko Roni, ko Gwiwa, ko Babura, ba ka rasa mai kanwa zaune gaban kashi-kashinsa. Mata suna saye don miyar kuka da ɗanwake, Filani suna saye don shanu, masu dawaki ma haka. Amma da za ka tsai da mai sayarwa ka ce masa, "Malam, mece ce kanwa?" sai ya yi dariya ya ce, "Kanwa ai kanwa ce." To, neman amsar wannan tambaya shi ne ƙofar wani ilmi babba wanda 'yan makaranta ke kira kemistiri, watau ilmin sanin abin da kowane abu ya ƙunsa, da yadda ya ke sakewa in ya gamu da waninsa. Kalmar kimiyya ma da mu ke ji kullum a rediyo, asalinta sunan wannan fanni ne shi kaɗai, alkimiya, kafin Hausa ta shimfiɗa ta bisa sauran fannoni.

Kanwa daga gabas da arewa ta ke zuwa mana tun kaka da kakanni. Akwai ta ƙasar Muniyo wajen Gure, da ta ƙasar Manga, da ta Kawar can cikin hamada, kusa da Bilma inda a ke yin kantu. Ungurnu kuwa, wadda a ke yabo, daga gabashin Tafkin Cadi a ke haƙo ta, Buduma su ƙetaro da ita cikin jirage zuwa gaɓar Barno. Da jakai da takarkarai da raƙuma fatake ke kawo ta. Yau manyan motoci ne. Yadda ta ke samuwa kuwa, ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ke narkar da gishirin da ke cikin duwatsu da ƙasa, ya taru a kwari, rana ta shanye ruwan, abin da ya narke ya rage a daskare.

Malaman tauhidi ba za su sha wuya wajen gane tushen wannan ilmi ba, gama sun riga sun san jirmi, watau abin da ya tare wuri. Masu ilmin sinadarai ma daga nan su ka fara, sai dai sun ƙara sharaɗi guda: duk abin da ya tare wuri, ya kuma yi nauyi a sikeli, shi ne abin bincikensu. Yana zuwa cikin hali uku, daskararre kamar dunƙulen kanwa, ko mai gudana kamar ruwa da mai, ko iska. Mutane da yawa suna tsammanin iska ba kome ba ce. Kayya! Ɗaki mai tsawon mita 4 da faɗin mita 4 da tsayin mita 3, iskar da ke cikinsa ta kai nauyin buhun siminti. Abu guda kuma yakan fita daga wannan hali ya shiga wancan ba tare da zatinsa ya sake ba. Man shanu ya narke da rana ya daskare da sanyin asuba, yana nan man shanunsa. Gishiri ya ɓace cikin ruwa, a tafasa ruwan ya ƙone, gishiri ya komo, kamar yadda Mangawa ke dafa manda. Amma itacen da ya ci wuta ya zama toka ba ya komawa itace har abada. Na farko sakewar kama ce, na biyu sakewar zati. Masu karatun fiƙihu sun san irin wannan bambanci a babin giya da ta juye da kanta ta zama khalli.

Hausawa kan ce duk kanwar ja ce. A magana haka ne, amma a sikeli ba haka ba ne, domin kanwa ba abu ɗaya ba ce, gauraye ce. Akwai ainihin sinadarin da ke yin aikin, akwai gishirin miya a ciki, akwai wani gishiri mai ɗaci-ɗaci mai sa zawo, sa'an nan ga yashi da laka. Rabon waɗannan ya bambanta daga kwari zuwa kwari, har daga buhu zuwa buhu. Alamar gauraye kuwa ita ce ana iya rarrabe shi da dabara mai sauƙi, kuma kowane falke yana iya gwada wannan a zaurensa. Ka auna giram 100 na kanwa, ka daka, ka zuba cikin ruwan ɗumi mai yawa, ka yi ta motsawa har abin da zai narke ya narke. Ka tace da ƙyalle mai ƙarfi, ka ɗauraye abin da ya rage, ka shanya shi ya bushe ƙarau, ka mayar kan sikeli. A ce ka sami giram 18. Ashe ke nan cikin buhu mai kilo 50, kilo 9 ƙasa ka saya, ka kuma biya mata kuɗin mota. Wannan dabara ita ce a ke yi wa takin zamani na yuriya: na kirki yana narkewa sarai, har kwanon ya yi sanyi a hannu, wanda a ka yi wa algus da yashi kuwa sai ya bar shaidarsa a gindin kwano.

Shi kuma ainihin sinadarin kanwa, tacewa ba ta raba shi, ko da ƙyallen alharini ne. Haɗaɗɗe ne, an ƙulla shi daga abubuwa na asali, watau waɗanda ba su rabuwa zuwa wani abu dabam ta hanyar wuta ko narkarwa. Irin waɗannan na asali guda 118 a ka sani yau, wajen 90 daga ciki ana samunsu a halitta. Mun san waɗansu tun da: zinariya, azurfa, jan ƙarfe, baƙin ƙarfe, dalma, zaiba, farar wuta, da baƙin gawayi. Kowane ɗaya yana da irin ƙwayar zarrarsa, kamar yadda John Dalton na Ingila ya bayyana a 1808. Kada a rikita ta da jauharul fardi na malaman kalam, gama ita wannan zarra an gano tana da sassa a cikinta. Abin mamaki shi ne haɗaɗɗe ba ya ɗauko halin iyayensa. Gishirin miya, ƙarfe ne mai laushi wanda ke kama wuta in ya taɓa ruwa, sunansa sodiyam, ya haɗu da wata iska mai guba, kulorin, su ka haifi abin da mu ke zubawa a miya. Kuma rabonsu ba ya sakewa: cikin giram 100 na tsantsar gishiri, kimanin 39 sodiyam ne, 61 kulorin, ko daga Bilma ya fito ko daga teku.

Kanwa ma 'yar gidan sodiyam ce, ita da gishiri 'yan uba ne. A nan akwai wani kuskure da ya bi bakin 'yan boko, su kan kira kanwa da sunan fotash in suna Turanci. Fotash na toka ne, wanda mata ke tatsa su yi sabulun salo, marina kuma su zuba a karofi, kuma ƙarfen da ke cikinsa dabam ne, fotasiyam. Humphry Davy ya ware su duka biyu a London cikin 1807 da ƙarfin lantarki. In ka barbaɗa garin kanwa a harshen wuta mai shuɗi sai ya koma rawaya, wannan shaidar sodiyam ce. Malamai za su ji daɗin sanin cewa alamomin da duniya duka ke rubuta waɗannan ƙarafa biyu da su, ta hannun Larabci su ka biyo. Ta sodiyam daga naɗrun ta fito, sunan kanwa ke nan a Larabce, har akwai Wadin Naɗrun a Masar inda mutanen Fir'auna ke ɗibarta suna busar da gawa. Ta fotasiyam kuwa daga ƙalyi, tokar wani tsiro. Daga wannan ƙalyi Turawa su ka sami kalmar alkali, sunan duk abin da ke kashe tsami. Ba alƙalin kotu ba ne, ko da ya ke shi ma aikinsa kashe rigima.

Kanwa ta kar tsami, in ji masu iya magana, kuma duk ilmin nan bai ƙaryata su ba. Mace ta jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa, tsami ya kwanta. Mai ƙwannafi ya sha jiƙonta ya ji sauƙi, domin ruwan cikin tumbi mai tsami ne. Amma ku lura da abin da ke faruwa sa'ad da a ka zuba ruwan tsamiya ko na lemun tsami kan kanwa: sai ta yi ta kumfa tana tsuwa kamar ana tafasa ta, alhali ba wuta. In ka auna kwanon da abin da ke ciki kafin haɗawa, ka sake aunawa bayan kumfa ta lafa, za ka tarar nauyi ya ragu kaɗan. Ina ya tafi?

Wani likita a Sikotilan, Joseph Black, shi ya bi sawun wannan tambaya wajen 1754 zuwa 1756. Ya yi ta auna dutsen farar ƙasa da makamantansa kafin ƙonawa da bayan ƙonawa, ya gane akwai wata iska da ke ɗaure cikin dutsen, wuta ko tsami ke kwance ta. Tsantsar dutsen nan in an ƙona awo 100, awo 56 ke ragewa, 44 sun tashi sama. Ita ce iskar da ke fita daga kanwa, ita ce ta cikin lemun kwalba, ita ce kuma mu ke fitarwa da numfashi. Sa'an nan Lavoisier na Faransa ya yi irin gwaje-gwajen nan cikin tulunan gilashi rufaffu, inda ba abin da zai shiga ko ya fita, ya tarar nauyi ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Ya rubuta haka a littafinsa na 1789. Lissafinsa irin na ɗan kasuwa ne sak: abin da ya shiga rumbu da abin da ya fita dole su yi daidai, in ba su yi ba, akwai ɓera ko ɓarawo, sai a nemo shi.

Kafin waɗannan da ƙarnuka, malaman Musulmi sun yi nisa a wannan aiki. Littattafan da a ke danganawa ga Jabiru ɗan Hayyanu, da na Abubakar Arrazi likitan Bagadaza, cike su ke da bayanin tacewa da turarawa da narkarwa. Sai dai da yawansu sun ɗauka dukan ƙarafa daga zaiba da farar wuta su ke, saboda haka su ka sa rai a juya dalma ta zama zinariya. Ibnu Sina ya musa wannan, Ibnu Khaldun ma ya yi babi guda a Muƙaddima yana rushe shi, kuma sikeli ya ba su gaskiya. Zinariya abu ne na asali, ba wutar maƙera ko haɗin magani da zai haife ta daga wani ƙarfe. Wanda duk ya zo maka da kwalba da hayaƙi ya ce zai yi maka ita, aljihunka ya ke so ya narkar.

To, yaya masu wannan ilmi ke tabbatar da magana? A ce fatake biyu suna gardama a tasha, wannan ya ce ungurnunsa ta fi ƙarfi, wancan ya ce jar kanwarsa ta fi. Rantsuwa ba ta raba su, yawan shekaru a sana'a ma ba ya raba su. Abin da kowannensu ya faɗa da'awa ce, kuma mai da'awa shi ke kawo shaida. Ga yadda a ke kiran shaidar. A jiƙa zoɓo a tace. Ruwan zoɓo ja ne cikin tsami, in kanwa ta shige shi sai ya yi duhu, ya koma wajen shuɗi ko kore. A auna giram 5 na kowace kanwa, a narkar cikin ruwa daidai wa daida, daga randa guda, a zuba wa kowanne zoɓo cokali biyu. Sa'an nan a matse lemun tsami mai yawa a kwano guda, a riƙa zuba wa kowanne da ƙaramin cokali ana motsawa ana ƙirgawa, har jan ya komo. Wadda ta ci cokali mafi yawa kafin ta sallama, ita ce mai ƙarfi.

Sharuɗɗan su ne ran abin. Kome da kome ya zama ɗaya, ban da abin da a ke gardama a kansa. In ruwan wannan na rijiya ne na wancan na famfo, shaida ta ɓaci. A maimaita sau uku ko fiye, gama shaida ɗaya ba ta isa hukunci. A rubuta abin da a ka gani nan take, kada a dogara ga tuni. In so samu ne, mai ƙirga cokali kada ya san kanwar wa ke cikin wane kwano, don zuciya tana da karkata ko ta mutumin kirki ce. Sa'an nan a faɗi yadda a ka yi a fili, domin wani a Babura ko Daura ya gwada da hannunsa ya gani ko zai sami abin da a ka samu. Masu ilmin hadisi da su ka saba bin ruwaya ta hanyoyi dabam-dabam kafin su inganta ta ba za su ga baƙon abu a nan ba.

Sharaɗin da ya fi wuya shi ne mutum ya yarda a warware maganarsa in shaida ta ƙaru. Ga misali daga kan kanwar nan. Cikin shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Davidson da Parry, sun duba mata masu jego fiye da 200 waɗanda zuciyarsu ta kasa bayan haihuwa, jiki ya kumbura, numfashi ya yi wuya. Su ka lura matan suna shan kunun kanwa mai yawa, suna wankan jego da tafasasshen ruwa, suna kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Su ka ce mai yiwuwa sodiyam ɗin kanwa ne ke tara ruwa a jiki, zafi kuma ya ƙara wa zuciya kaya. Magana ce mai ma'ana, an daɗe ana karantar da ita. Amma a 2020 Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Malam Aminu Kano da abokan aikinsa su ka fitar da binciken da su ka yi a asibitoci da yawa na Nijeriya, inda su ka gwama masu ciwon da masu jegon da ba su da shi. Su ka tarar al'adun jego ba su ne ke rarrabe waɗannan da waɗancan ba; abin da ya fito fili shi ne rama, da rashin aikin yi, da rashin karatu, da hawan jini na lokacin ciki. Na farko sun duba marasa lafiya, na baya sun ƙara da duban masu lafiya, sai hukunci ya sake. Wannan kuwa bai wanke kanwa ga mai hawan jini ba. Sodiyam sodiyam ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, watau wajen ƙaramin cokali guda, kanwar miya kuma tana cikin lissafin.

Duk abin da mu ka faɗa bisa awo ya ke tsaye, kuma a nan ne mu ke da rauni. Mudu yana auna wurin da abu ya tare, sikeli yana auna nauyinsa. Shari'a ta rarrabe su tun tuni: zakkar hatsi da mudu a ke yinta, sa'i mudu 4 ne na Annabi, nisabi kuwa sa'i 300, zakkar zinariya da nauyi, misƙali 20, wanda malaman zamani da yawa su ka ƙaddara da giram 85. Amma mudun kasuwa fa? Na wannan gari ba na wancan ba ne. Wani a shafe bakinsa, wani a cika har ya yi tudu, wani a kare da hannu, wani kuma an bubbuge gindinsa ya shige ciki. Sura guda ta sauka da sunan masu tauye awo, kowane almajiri ya rubuta ta a allo tun yana ƙarami. Sikeli ma ba ya tsare ka daga kowace dabara, gama kanwa da gishiri da hatsi duk suna shan danshi, mai saye da nauyi da damina yakan sayi ruwa.

Don gudun irin wannan rikici Faransawa su ka kafa mita da kilo cikin shekarun 1790, ƙasashe 17 su ka sa hannu a kansu a Paris a 1875. Lita guda ta ruwa nauyinta kilo guda. Tun 1889 wani dunƙulen ƙarfe da a ka ajiye kusa da Paris shi ne uban dukan kilo na duniya, har 2019 da a ka sauke shi a ka ɗora awon bisa wani adadi na halitta wanda ba ya tsatsa ba ya goguwa. Nijeriya ta bar fam da oza da yadi ta koma kilo da mita cikin shekarun 1970, amma fataken Babura masu ƙetarawa Magariya da Damagaram sun riga sun saba da su a hannun mutanen Faransa.

In an haɗa awon biyu, nauyi da wuri, sai a sami shaidar da ke tona asirin ƙarfe. Abin da zai cika lita guda, in ruwa ne kilo 1, in jan ƙarfe ne kusan kilo 9, azurfa 10 da rabi, dalma 11 da ɗoriya, zinariya kuwa 19 da ɗoriya. Albiruni ya auna waɗannan tun wajen shekara 1000 da su ka wuce, ya sami adadin da ya yi kusa ƙwarai da na yau, Alkhazini kuma ya rubuta Mizanul Hikma a birnin Marwa wajen 1121 a kan sikelin da ke auna abu cikin ruwa. Ka rataya zobe da zare ka auna shi a sarari, ka sake auna shi yana nutse cikin ruwa. Tsantsar zinariya mai giram 19 za ta rage giram 1 ne kawai. Tagulla mai wannan nauyi da a ka shafa wa ruwan zinariya za ta rage fiye da giram 2.

Akwai kuma inda gwajin zaure ba ya kaiwa. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, mutane suna niƙa dutsen zinariya cikin gidajensu, ba su san akwai dalma a cikinsa ba. Ƙura ta bi ƙasa ta bi hannun yara ta shiga baki. Yara wajen 400 su ka rasu, ana ta cewa zazzaɓi ne ko iska, sai da a ka auna jininsu da ƙasar tsakar gida a ɗakin gwaji sa'an nan a ka san maƙashin. Dalma ba ta da wari, ba ta da ɗaci, kuma ɗan kaɗan ya isa ya dakushe ƙwaƙwalwar yaro. Wannan ya shafe mu ko ba mu haƙar zinariya, domin baƙin dutsen nan mai walƙiya da a kan niƙa a yi tozali, sau da yawa dutsen dalma ne, wanda in tsantsa ne fiye da kashi 80 cikin 100 na nauyinsa dalma ce. Ismid da malamai ke ambato ana fassara shi da wani dutse dabam, amma ido ba ya rarrabe su in an niƙa. Mai sayar da tozali da ke son ya san abin da ke cikin tandunsa, sai ya ɗebi kaɗan ya nemi masu ɗakin gwaji, ko a Kwalejin Husaini Adamu da ke nan Kazaure, ko a sashen ilmin sinadarai na Jami'ar Bayero a Kano, su nuna masa inda za a auna. Kafin a auna kuwa, kada a ranbaɗa shi a idon jariri.